Tsaga Biyu a Ɗakin Inna

Shekararsa hamsin da biyu, da furfura a haɓa da 'ya'ya huɗu, amma har yau a gidansu Auta ake kiransa, kuma maganarsa nauyin maganar auta gare ta: a saurara, a yi murmushi, a ci gaba da abin da ake yi. A waje kuwa Mai Gilashi ne. Shekara talatin ya yi yana yanka gilashin taga da madubi a wani shago da bai fi faɗin gado biyu ba. A cikin waɗannan shekaru bai koyi wani abin kirki game da halin mutane ba, amma ya san tsaga. Ya san inda take farawa, ya san inda take nufa, ya kuma san lokacin da ta kwanta shiru tana jira.

Tsagar da ta hana shi sukuni ba a gilashi take ba. A ɗakin mahaifiyarsu take, a gidan Yaya, babban wansu.

Yaya tsohon shugaban direbobi ne a wani kamfanin sufuri, mutum ne da ya saba a ji muryarsa daga wannan ƙarshen fili zuwa wancan, kuma ritaya ba ta rage masa ita ba. Shi ya gina gidan, ya yi masa rufin kankare da niyyar ɗora bene wata rana. Ranar ba ta zo ba. Abin da ya hau rufin shi ne wani baƙin tankin ruwa, wanda aka dasa daidai saman ɗakin Inna, domin nan ne ya fi kusa da bututu. Ruwa sau ɗaya yake zuwa a mako, da safiyar Juma'a, sai a kunna inji a cika tankin, a yi ta lallaɓa shi har wata Juma'ar. A cikin ɗakin akwai bim, wato doguwar sandar kankaren da ta ratsa daga bango zuwa bango tana ɗauke da rufin. Ƙarshenta ɗaya ya zauna a kan bangon da gadon Inna yake jingine da shi.

Wata bakwai da suka wuce, Auta ya biyo gaida Inna kafin ya wuce shago, kamar kullum. Ya durƙusa, ya gaishe ta, ya ɗaga kai, sai ya ga wani layi siriri kamar gashi ya sauko daga gindin bim ɗin a karkace. Wani kuma ya taso daga kusurwar taga yana hawa. A kewayensu akwai ƙanana guda tara, kowace da tata hanyar. Ya zaro fensirin da ke maƙale a kunnensa, ya hau kujera, ya ja ɗan layi a bakin kowace tsaga, ya rubuta kwanan wata a gefe. Daga nan abin ya zama aikinsa na kowace Asabar. Daga baya ya yanko siraran gilashi kamar yatsa, ya liƙa su da gam a gicciye a kan manyan biyun, domin gilashi ba ya miƙewa, ba ya kara: in bango ya motsa ko da kaurin farce ne, zai fashe. Uku sun fashe, ya sauya su.

"Auta," in ji Inna wata safiya, tana zaune a bakin gado tana kallon tafin ƙafarsa a kan kujera, "ni kake zuwa gaisarwa ko bango?"

"Ku duka, Inna."

"To shi bangon yana amsawa?"

"Yana amsawa. Abin da ya dame ni ke nan."

Ta yi dariya, ta ce ya sauko kar ya karye ya bar ta da jinya.

Da ya kai maganar gaban Yaya, Yaya ya shigo ɗakin hannu a baya, ya ɗora tabarau, ya bi rubutun fensirin ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba takardar motar da ya riga ya yanke shawarar saye. Ya daɗe. Sannan ya juyo da fuskar wanda ya kama ɓarawo.

"Zo ka gani da idonka. Wannan, tun watan jiya ba ta motsa ba. Wannan ma. Wannan ma. Goma sha ɗaya ka ƙirga, tara sun tsaya cak. Da hannunka ka rubuta. Gida yana zama ne, malam, kamar yadda sabon takalmi yake zama a ƙafa. Ya gama zama, sun tsaya."

"Tsayawarsu ce ke ba ni tsoro, Yaya."

"Ikon Allah! In sun tafi, tsoro. In sun tsaya, tsoro. To me za su yi maka ka ji daɗi, su yi rawa?"

Auta ya yi ƙoƙarin bayani. Ya ce a gilashi, in nauyi ya sauka, tsaga da yawa kan tashi tare, kowace ta ɗauki rabonta. Da zarar ɗaya ta wuce 'yan'uwanta tsawo, sai ta janye nauyin gaba ɗaya zuwa bakinta, na kusa da ita su huta. Ƙananan ba warkewa suka yi ba, aikin ne aka karɓe musu. Yanzu duk abin da goma sha ɗaya suke rabawa ya koma kan biyu, kuma biyun juna suke nema. Da farko tsakaninsu kamu uku ne. Yanzu bai kai tafin hannu ba.

"Wannan gilashi ne," in ji Yaya. "Nan kankare ne, da rodi a ciki kamar hannuna. Ina tsaye aka zuba shi."

"Rodin yana cikin bim. Bangon da bim ɗin ke zaune a kai fa?"

"Auta, je ka buɗe shagonka."

Ya je ya buɗe. Haka ake gama shawara a gidan tun suna yara.

Da abin ya tsaya nan, da wataƙila ya ci gaba da fensirinsa yana cin ransa a hankali. Amma ranar wata Lahadi ya zo ya tarar da maza shida da igiya suna jan tanki na biyu zuwa kan rufin, wanda ya fi na farko girma. Ruwa ba ya kai musu mako, in ji Yaya, kuma shi ba zai zauna yana kallon matarsa tana auna ruwa da kofi ba. Mai aikin famfo zai zo Juma'a ya haɗa bututu, a cika duka biyun. Auta ya tsaya a tsakar gida yana kallon tankin yana lilo a jikin igiya. Abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa, ranar ya yi: ya ɗaga murya a gaban mutane. Ya ce ko a kira wanda ya san gini ya duba, ko shi ya ɗauke Inna ya kai ta gidansa yau ɗin nan.

Yaya ya dube shi kamar kujera ce ta yi magana. Amma da yake akwai baƙi, sai ya ce to, ai ba sai an je nesa ba, mijin babbar 'yarsa injiniya ne. Zai zo Laraba ya duba, kowa ya huta.

Litinin da Talata Auta bai samu zuwa ba, wani aikin tagogi ya riƙe shi a can wani gefen gari. Hannunsa yana aiki, zuciyarsa tana ɗakin Inna. Ya auna gilashi ɗaya sau uku ya yanka ba daidai ba. Da yammacin Talata ya koma shago, ya ɗauko wani guntun gilashi, ya ja masa layi biyu da ƙarfen yanka, ɗaya daga sama ɗaya daga ƙasa, ba a saiti ɗaya ba, ya danna a hankali da manyan yatsunsa. Ya ga abin da ya sha gani. Tsaga biyun ba su yi karo kai da kai ba. Da suka kusanci juna sai kowace ta ɗan kauce, kamar mutanen da ba sa ga maciji sun haɗu a lungu, suka gota juna, sannan kowace ta lanƙwaso ta faɗa cikin bayan 'yar'uwarta. Abin da ke tsakaninsu, wani yanki mai siffar ido, ya faɗo a tafin hannunsa. Ya naɗe gilashin da yankin a jarida domin ya nuna wa Injiniya. A bangon Inna, a kan irin wannan yankin ƙarshen bim yake zaune.

Da safiyar Laraba, tun daga ƙofar gida ya ji warin fenti.

Ya ratsa tsakar gida bai gaida kowa ba. Ɗakin Inna fari fat, kamar cikin ƙwai. An cike kowace tsaga da filasta, an goge, an shafa fenti sau biyu. Babu fensir, babu kwanan wata, babu gilashi. Wata bakwai na Asabar sun tafi a kwana biyu. Kuma da yake shi ba mutumin takarda ba ne, bai taɓa kwafe komai a ko'ina ba, bangon ne littafinsa.

Uwargida, matar Yaya, ta leƙo tana goge hannu a zani, fuskarta cike da jiran yabo.

"Ya ka gani, Mai Gilashi? Ba ka ce komai ba."

"Wa ya yi wannan?"

"Ni na sa. Tun Litinin mai fenti yake nan."

"Uwargida, bangon za a zo dubawa!"

"Shi ya sa. Suruki guda zai shigo ɗakin kakar matarsa ya tarar da bango kamar allon 'yan aji ɗaya? Ya koma ya ce wa danginsa me? Kai ba ka da kunya, mu muna da ita. Gilasanka ma na nan na tara maka a kofi, ban zubar ba."

Ta faɗa da zuciya ɗaya, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. Da mugunta ce, da ya san abin da zai ce.

Injiniya ya iso da hantsi, saurayi mai natsuwa, da 'yar tocila da abin awo. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa wa Yaya, ya durƙusa wa Inna, ya durƙusa wa Uwargida, har sai da aka fara tunanin ba zai sami lokacin miƙewa ya ga bangon ba. Da ya miƙe, ya haska nan, ya ƙwanƙwasa can, ya hau rufi ya sauko. Auta ya buɗe jaridarsa ya fara bayani, yana nuni da yatsa a kan farin fenti: nan ta fara, nan ta biyo, nan ɗayar take. Shi kansa ya ji yadda abin yake fita, kamar mai ba da labarin mafarki.

"To, Injiniya," in ji Yaya, ya gyara zama, "gaya wa baffanka. Gidan nan zai faɗi?"

Injiniya ya dubi bango, ya dubi surukinsa, ya dubi ƙasa. An koya masa nauyin kankare da na ƙarfe a makaranta, amma ba a koya masa yadda mutum zai ce wa uban matarsa ya yi kuskure a cikin gidansa ba, alhali shaidar da ke gabansa farin bango ce.

"Baba, a yadda nake gani yanzu, ba zan ce ga wani abu ba. Sai dai da za a ɗan sa ido, kamar wata guda..."

"Ka ji ko? Ba zai ce ga wani abu ba."

Rabin maganar na biyu ya faɗi ƙasa, ba wanda ya ɗauka.

Auta ya raka shi bakin ƙofa. Nan, da ya tabbata babu mai ji, Injiniya ya karɓi gilashin ya juya shi a hannu, fuskarsa ta sauya.

"Baffa, haka suka yi a bangon? Sun gota juna?"

"Sun gota. Ta saman ta fara lanƙwasowa."

"Tun yaushe?"

"Asabar biyu."

"In haka ne kada a cika na biyun nan. Ko na farkon ma ban so ba."

"To me ya hana ka faɗa a ciki?"

"Da me zan faɗa, Baffa? Ya ce in nuna masa, in nuna masa fenti?" Ya sake duban gidan. "Yaushe aka yi filastar? Tanki da ruwa ko babu?"

"Litinin da Talata. Ruwan ya kusa ƙarewa."

"To an cike ta ne lokacin da bakinta yake a tsuke. Ran da aka cika tanki za ta buɗe. Filastar nan ba ta da kauri, ba za ta riƙe ba. Matattun za su zauna a rufe, masu ran ne kaɗai za su fito. Ku duba Juma'a da safe, kafin a haɗa na biyun. In kun ga wani abu ku kira ni, ko ina ina."

Alhamis ta yi wa Auta tsawon shekara. Sau uku ya rufe shago ya zo. Ya tsaya a gindin bango yana karkata kai, ya shafa da yatsa, ya kanga ido da hannu. Fari fat. A zuwa na uku har ya fara tambayar kansa ko shi ne ya zauce, ko dai shekara talatin na kallon abin da ke fashewa sun sa ba ya iya ganin abu lafiyayye. Ya zauna a ƙasa gaban Inna.

"Inna, ki zo gidana. Kwana biyu kawai."

"In ce na zo yin me?"

"Ki ce kin yi kewar yara."

"Ranar da aka kawo tanki ka yi ihu a gaban mutane za ka ɗauke ni. Yanzu in na bi ka, me na ce wa wanka? Na ce gidan da ya gina mini kabari ne, ƙaninsa ya fi shi hankali. Shekara goma sha ɗaya ina ɗakin nan bai taɓa bari na nemi wani abu na rasa ba."

"In rufin ya sauko fa?"

"In ya sauko ai ba zan ji kunyar kowa ba." Ta dube shi. "Ka ci abinci yau? Ka rame kamar fensirin naka."

Juma'a tun da sassafe ya ji ƙarar inji daga bakin titi. Ruwa ya zo da wuri, tankin farko ya kusa cika, mai famfo kuma yana kan rufi yana ɗaure bututun na biyu yana waƙa. Auta ya shiga ɗakin da sauri, ya buɗe labule, hasken safiya ya kwanta a jikin bango a karkace.

Ga su nan. A kan farin fentin da babu ko ɗigo, layi biyu kaɗai, sirara, baƙaƙe, kamar an zana da allura. Ɗaya daga gindin bim, ɗaya daga kusurwar taga. Ƙananan tara ko alamarsu babu. Abin da ya yi wata bakwai yana ƙoƙarin nunawa a cikin tarin rubutu, mai fenti ya fitar da shi fili a kwana biyu ba da saninsa ba. Sun gota juna, kowace ta lanƙwasa, siffar idon ta kusa rufewa. Abin da ya rage bai fi yatsa biyu a sama ba, uku a ƙasa.

"Tun ɗazu nake kallonsu," in ji Inna. "Ta saman ce ta fara fitowa."

Ya buga wa Injiniya waya, ya fita da gudu ya jawo Yaya daga kan karin kumallo. Yaya ya shigo da kofin shayi a hannu, Uwargida a bayansa. Ya ɗora tabarau. Ya daɗe fiye da wancan karon.

"Fenti ne ya bushe ya ja."

"Yaya, fenti ya ja a wuri biyu kawai? Daidai inda na ce?"

"Mai fentin nan dama ban yarda da shi ba."

Daga sama mai famfo ya ƙwala kira: ya gama, a buɗe wa na biyun?

"Kar a buɗe!" in ji Auta.

Da bai faɗa da ƙarfi ba, da wataƙila Yaya ya ce a dakata. Amma ya faɗa da ƙarfi, kuma mai famfo ya ji. Yaya ya leƙa ta taga.

"Gidan wa? Buɗe!"

Ƙarar ruwa ta sauya a saman kansu, ta koma irin ta ruwan da ke zuba a cikin babban abu wofi. Auta ya ɗauko kofin da Uwargida ta tara masa gilasansa, ya zaɓi guda, ya shafa gam mai kamawa nan take, ya hau kujera ya liƙa a gicciye a kan tsagar sama, ya danne da yatsa yana ƙirga numfashinsa. Ya sauko ya kama hannun Inna.

"Inna, don Allah tashi mu fita."

Ta zare hannunta. Ta sa shi ƙarƙashin matashi ta jawo wani ɗan gwangwanin man shafawa, ta miƙa wa babban ɗanta. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, yau ma ba ta kira ba.

"Babba, buɗe."

Ya buɗe. Yashi ne da ɓarɓashin siminti, ya kusa cika gwangwanin.

"Kowace Juma'a nake kakkaɓe shi daga kan matashina. Na ce in na nuna, na shiga tsakaninku. In na zubar kuma, na yi ƙarya. Sai na ajiye." Ta matsa gefe, ta daddaɓa katifa, daidai inda kanta yake kwanciya. "Zo zauna nan. Ka ce lafiya lau ne, na yarda da kai, ban taɓa ƙin yarda da kai ba. Zauna mu jira tankin ya cika tare. In ya cika sai Auta ya ba ka haƙuri a gaban kowa."

Yaya ya dubi wurin. Mutum ne da bai taɓa ja da baya a gaban ƙaninsa ba, kuma ba yau zai fara ba. Ya zauna, ya ɗora kofin shayi a gwiwa, ya miƙe wuya.

Ruwa yana zuba. Uwargida ta tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje. Auta ya kasa tsayawa wuri ɗaya: ya je taga, ya dawo, ya dubi gilashin, ya dubi Inna, ya lissafa a ransa taku nawa ne daga gado zuwa ƙofa in mutum yana ɗauke da tsohuwa. Minti biyar. Minti takwas. Yaya ya kurɓi shayi da ƙara domin a san hankalinsa kwance yake. A kurɓa ta biyu ya tsaya, ya dubi cikin kofin. Wani farin gari yana yawo a saman shayin. Ya ɗaga hannu ya shafa hularsa, ya dubi yatsunsa.

Sai gilashin ya ce ƙas.

Ƙaramar ƙara ce, ba ta kai ta karyewar tsinken ashana ba. Rabin gilashin ya faɗo a kan katifa tsakanin uwa da ɗa.

Muryar da ta yi shekara talatin tana tsayar da manyan motoci ta tashi a cikin ɗakin.

"Kashe! Kashe injin nan! Kai mai famfo, kurma ne kai? Buɗe bututun ƙasa, zubar da ruwan! Duka biyun!"

Kafin Auta ya yi taku ɗaya, Yaya ya sunkuci Inna kamar jaririya, da shekarunsa sittin da biyar da ciwon bayansa, ya yi waje da ita, tana cewa ya sauke ta, takalmanta, takalmanta. Ruwan mako guda ya kwararo ta bututu ya malale tsakar gida. Uwargida ta tsaya tana kallon ruwan yana tafiya.

Injiniya ya iso ya tarar da su a tsaye cikin ruwa. Wannan karon gaisuwarsa gajera ce. Ya shiga, ya fito, ya ce a kawo turakun ƙarfe a tokare bim ɗin yau, a sauke tankunan, a rushe wannan ɓangaren bangon a zuba ginshiƙi. Kada kowa ya kwana a ɗakin. Ya faɗa a gaban surukinsa, da cikakkiyar murya, yana nuna layi biyun da tocila.

"Abin da nake faɗa ke nan," in ji Yaya. "Tun ran da aka hau da tankin nan raina bai kwanta ba. Inna za ta koma ɗakina, ni in koma falo." Ya juya. "Auta, kai da kake zuwa kullum, ai da ka yi magana da ƙarfi."

Auta ya buɗe baki. Inna, daga kan kujerar da aka ajiye ta a inuwa, ta ɗan girgiza masa kai. Ya rufe.

Da aka kafa turakun, ya koma ɗakin da babu kowa. An fitar da gado da kabad, sai kujerarsa. Injiniya ya ce a ci gaba da sa alama har ranar da magina za su zo. Ya zaro fensir daga kunne, ya taka kujerar, ta yi girgiɗi a kan ɓarɓashin siminti. Wani ya riƙe ta daga ƙasa. Ya duba, Uwargida ce.

"Rubuta da kyau," ta ce. "In za a ɓata mini fenti, a ɓata shi da rubutu mai kyau."

Ya ja layi a bakin ta sama, ya ja a bakin ta ƙasa, ya sa kwanan wata. Tsakaninsu yatsa ɗaya ya rage.